Ƙwayar Wake A Gwangwanin Madara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da bayinSa daga abin da ƙasa ke fitarwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Yau ina so in ba ku labarin wata tambaya da na yi wa yara biyu, wadda amsarta ta hana ni barci, da kuma abin da ya biyo bayanta.

A daminar 2022 na je Ƙauran Namoda gai da yayata. Na tarar gidan ya cika, domin ɗan'uwan mijinta ya taso da iyalinsa daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi tun 2018, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka hana su kwana a gidajensu. Mutumin nan manomi ne ɗan manomi. A Ƙaura kuwa kurar ruwa yake turawa. Mutum ne mai yawan shiru. Idan ya dawo da yamma sai ya zauna a zaure, ya jingina da bango, ba ya cewa uffan sai an yi masa magana.

Wata rana bayan la'asar na ji ɗan yayata da ɗan wannan baƙo, dukansu 'yan wajen shekara tara, suna rera wani abu da ƙarfi kamar masu biya karatun allo. Da na matsa sai na ga darasin kimiyya ne na firamare suke haddacewa: sassan tsiro da Turanci, da wata doguwar kalma, fotosintesis. Sun iya jera ta ba gargada. Na yi murna, na ce bari in gwada su. Na ciro gyaɗa daga aljihu, wato gujiya kamar yadda muke ce mata a gida, na ce, "To, wannan a ina take yin 'ya'yanta?"

Ɗan yayata ya ce, "Kawu, a reshe mana, kamar mangwaro." Ɗan baƙon ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi ma haka yake zato.

Na yi dariya a lokacin, amma da dare ya yi sai dariyar ta koma ciki. Ƙauran Namoda fa garin da layin dogo ya iso a 1929, bayan ya ratsa Funtuwa da Gusau daga Zariya, kuma babban abin da ya jawo shi shi ne gyaɗa da auduga. Kakannin waɗannan yara su ne suka cika taragun da guminsu. Ga shi yau jikokinsu sun san sunan saiwa da Turanci, amma ba su taɓa tuge gindin gyaɗa sun karkaɗe ƙasar jikinsa ba. Ɗan gari bai je gona ba saboda iyayensa na tsoron bayan gari. Ɗan ƙauye an raba shi da gonar ubansa yana shekara biyar.

Abin da tsoro ya ƙwace

Idan ana lissafin asarar da rashin tsaro ya jawo wa arewacin Zamfara, akan ambaci rayuka, da shanu, da kuɗin fansa, da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Akan tuna da watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe makarantun jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, aka kuma katse layukan waya. Duk wannan gaskiya ne, kuma Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Amma akwai wata asarar da ba ta da ƙara, ba a kuma yi mata zaman makoki: ilimin da uba ke miƙa wa ɗansa a bakin kunya.

Kakana, Allah Ya gafarta masa, bai taɓa shiga aji ba. Amma ya san ranar da ƙasa ta jiƙu har ta isa shuka, ya san bambancin jigawa da fadama da abin da kowace take so, ya san ba a saran gawo a gona, ya san a wane lokaci ake sa wake a tsakanin gero. Bai karanta wannan a littafi ba. Ya bi bayan ubansa da ƙaramar fartanya, ya gani, ya tambaya, an yi masa tsawa, an gyara masa. Wannan makaranta ce ta shekaru dubbai, domin masu binciken tarihin ƙasa sun gano alamun noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Idan yara suka yi shekara goma ba su taka gona ba, sarƙar nan ta tsinke. Ranar da Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, kuma muna kyautata maSa zato, wa zai koma ya noma ƙasar?

Da asuba na yanke shawara. Tunda ba zan iya kai su gona ba, zan kawo musu gonar tsakar gida.

Gwangwani huɗu

Muka tara gwangwanayen madara huɗu, muka cika su da ƙasar bayan gida, muka sa ƙwayar wake uku uku. Na farko ba mu ba shi ruwa ba ko ɗigo. Na biyu muka cika shi da ruwa har ya kwanta a saman ƙasa, ba mu huda gindinsa ba. Na uku muka huda shi, muna yayyafa masa ruwa daidai, muka ajiye shi a rana. Na huɗu muka yi masa kamar na uku, amma muka tura shi ƙarƙashin gado inda haske ba ya kai. Kafin mu gama, yaran maƙwabta sun taru, mun zama kusan mu goma.

Bayan kwana huɗu zuwa biyar sakamako ya fara bayyana. Busasshen gwangwani shiru. Wanda ruwa ya kwanta a kai, da muka tona sai ga wake ya kumbura ya ruɓe yana wari. Na uku ya tsaga ƙasa, ya ɗago da wuyansa a lanƙwashe kamar mai ruku'u, sannan ya miƙe ya buɗe. Na ƙarƙashin gado shi ma ya fito, har ya fi ɗan'uwansa tsawo, amma fari fat da ɗan ruwan ɗorawa, siriri, ba ya iya tsayuwa.

Yaran da kansu suka fitar da darasin. Ƙwaya na bukatar ruwa kafin ta farka. Tana bukatar iska, domin tana numfashi kamar yadda muke yi, shi ya sa ruwan da ya kwanta ya shaƙe ta. Tana bukatar ɗumi. Haske kuwa ba sharaɗi ba ne ga tsirowar wake, amma sharaɗi ne ga rayuwarsa bayan ya tsiro. Muka jiƙa wata ƙwaya muka ɓare ta gida biyu, suka ga ɗan ƙaramin tsiro kwance a tsakiya da ganyayyakinsa ƙanana. Na ce musu ɓari biyun nan guzurinsa ne, da shi zai rayu har ya yi ganyen da zai ciyar da kansa. Wake da gyaɗa ɓari biyu gare su. Gero da dawa da masara da shinkafa ɗaya ne.

Wata yarinya da mahaifiyarta 'yar Shinkafi ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shinkafa fa? A fadamar su kakata cikin ruwa take tsaye, me ya sa ba ta ruɓewa?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan fiye da duk amsoshin da aka ba ni. Na gaya mata cewa Allah Ya yi wa shinkafa wasu kafofi a cikin kara da saiwa, kamar bututu, waɗanda iska ke bi daga ganye ta sauka har ƙasa. Tana tsaye cikin ruwa amma numfashinta daga sama yake zuwa.

Wa ya gaya wa saiwa ta yi ƙasa?

Mun kuma jera wake a jikin kwalba da jiƙaƙƙen tsumma don a ga abin da ke faruwa a ɓoye. Wata ƙwayar mun kwantar da ita, wata mun kifa ta. Amma duk yadda muka juya, saiwa ita ce ke fara fitowa, kuma sai ta karkata ta nufi ƙasa, kara ya nufi sama. Ɗan baƙon nan mai sunkuyar da kai shi ne ya yi tambayar: "Kawu, wa ya gaya mata inda ƙasa take, alhali ba ta da ido?"

Ɗan yayata ya yi caraf ya ce, "Allah ne mana!"

Na ce, "Ka yi gaskiya, kuma babu amsar da ta fi wannan. Amma bari mu duba yadda Allah Ya tsara abin." A can ƙarshen saiwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ƙananan dunƙulen sitaci. Saboda nauyinsu, duk inda aka juya saiwar sai su gangara su kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, kamar tsakuwa a cikin gora. Wannan kwanciya ita ce ke sa gefe ɗaya na saiwar ya fi ɗaya saurin girma, sai ta lanƙwasa ta bi ƙasa.

Ya ɗan'uwa, tsaya nan ka yi tunani. Mun daɗe muna cutar da yaranmu ta hanyoyi biyu. A wani wurin idan yaro ya tambayi dalilin abu sai a ce masa ikon Allah ne, a rufe bakinsa, kamar bincike rashin ladabi ne. A wani wurin kuma sai a ba shi kalmomin Turanci ya haddace, ba a ambaci Mahalicci ba, ba a kuma nuna masa ganye ko ɗaya ba. Yaron farko ya tashi yana tsoron tambaya. Na biyu ya tashi yana zaton ilimi wani abu ne da ke zaune a cikin littafin Bature, ba ruwansa da gonar ubansa ko da allonsa. Alhali amsoshin biyu suna tafiya tare. Ɗaya tana faɗin Wanda Ya yi, ɗaya tana faɗin sababin da Ya sanya. Malamanmu na tauhidi sun daɗe da karantar da cewa Allah ne Ya halicci sababi da abin da sababin ke haifarwa.

Alƙur'ani kuwa ya yi ta kiranmu zuwa ga dubawa. A Suratul An'am, aya ta 95, Allah Ya siffanta kanSa da tsaga ƙwaya da ƙwallo, a aya ta 99 kuma Ya umarce mu da kallon 'ya'yan itatuwa tun suna ɗanye har su nuna. A Suratu Abasa an umarci mutum ya dubi abincinsa, aka bi masa matakan tun daga zubar ruwa da tsagewar ƙasa. A Suratur Ra'ad, aya ta 4, an ja hankalinmu ga gonaki maƙwabtan juna da ake shayarwa da ruwa iri ɗaya amma ɗanɗanonsu ya bambanta. Ba na cikin masu tilasta wa ayoyi su faɗi kowane sabon binciken kimiyya, domin bincike na canzawa, maganar Allah kuwa ba ta canzawa. Abin da na fahimta ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi nauyi: an ce mu duba. Wanda ya haddace ayar dubawa amma bai taɓa durƙusawa ya dubi tsiro ba, da sauransa wajen aiki da ita.

Daga ina jikin kuka ya fito?

Gwangwanin ƙarƙashin gado ya mutu bayan kamar mako biyu, lokacin da guzurinsa ya ƙare. A nan ne doguwar kalmar da suka haddace ta sami ma'ana. Na tambaye su: kukar da ke bakin hanya, wadda mutum biyar ba za su zagaye ta da hannu ba, daga ina ta samo wannan jiki? Duk suka ce ƙasa ta ci. Na ce in haka ne, ina ramin da ta bari?

Na ba su labarin wani likita ɗan ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan van Helmont, wanda aka buga sakamakon gwajinsa a 1648. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 91 ya zuba a tukunya, ya dasa reshen bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya, ya yi shekara biyar ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Sai ya ce ashe daga ruwa jikin ya fito. Ya gano rabin gaskiya. Sauran rabin ya jira waɗanda suka zo bayansa, irin su Jan Ingenhousz, wanda ya nuna a 1779 cewa koren ganye ba ya gyara iska sai cikin hasken rana.

Abin da aka tabbatar yau shi ne: a jikin ganye, musamman bayansa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, take shiga. Saiwa ta turo ruwa. Koren sinadarin da ke cikin ganye ya kama hasken rana, da ƙarfinsa a haɗa ruwa da iskar nan a sami sukari, a saki iskar oksijin da muke shaƙa. Daga sukarin ake gina kara da reshe da zangarniya. Wato mafi yawan busasshen itacen da muke hura wuta da shi daga iska aka tara shi, tuwon da muka ci jiya kuma hasken rana ne da ganye ya adana mana. Muka ɗaura farar leda a kan reshen dogon yaro da hantsi, kafin azahar ta yi gumi a ciki, suka ga da idonsu ruwan da ganye ke fitarwa.

Ɗan yayata ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ashe abin da na fitar bishiya ke ci, abin da ta fitar ni nake shaƙa?" Na ce haka ne. Ya ce, "Subhanallah." Ban ce masa ya faɗa ba. Wannan tasbihi ɗaya da ya fito daga gani ya fi mini ɗari da za a sa shi ya maimaita.

Ranar da mai shiru ya yi magana

Bayan kusan wata ɗaya waken gwangwani na uku ya yi ganye sosai. Akuya ta cinye ɗaya, saura biyu. Muka zazzage ɗaya a hankali muka wanke saiwar, sai yaran suka ga wasu ƙananan ƙuraje a jikinta. Suka ce ciwo ne ya kama shi.

Ban san baƙonmu na saurare daga zaure ba. Sai ga shi ya taso, ya tsuguna a tsakiyar yara, ya karɓi tsiron a tafin hannunsa. Ya ce, "Wanga ba ciwo ba na. Duk waken kirki haka saiwarshi take. Mu dai mun san inda anka sa wake ko gujiya bana, in anka sa hatsi baɗi sai ya yi kyau."

Na ce, "Yaya, ai kai ne malamin yau." Na fasa ƙurji ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Na bayyana cewa wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, ke zaune a ciki. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu naitirojin ce, sinadarin da muke sayen takin yuriya dominsa, amma tsiro ba ya iya ɗaukarta kai tsaye daga iska. Waɗannan halittu su ke kama ta su mayar da ita abincin tsiro, shi kuma ya ba su sukari da masauki. Masana a Jamus sun tabbatar da wannan a shekarun 1880. Kakanninmu ba su san sunan bakteriya ba, amma sun riga sun gina nomansu a kan aikinta.

Daga nan bakin mutumin ya buɗe. Ya kwatanta wa ɗansa yadda gyaɗa ke yin fure rawaya a sama, furen ya bushe, wani ɗan tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ya soki ƙasa, can a cikin duhu ya kumbura ya zama kwanso. Shi ya sa take son ƙasa mai laushi. Ya ba su labarin gawon da ke tsakiyar gonarsu, wanda ke kaɗe ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa ke yin kore, ya bar wa gero rana da taki, sannan ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Na ƙara musu da cewa gawo dangin wake ne, kuma a ƙetaren iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture suna gyara shi maimakon ƙone shi, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5.

Ya yi maganar ƙuduji, wato wuta-wuta, mai kyakkyawan fure da mugun aiki. Ya ce ubansa kan sa su tuge shi tun bai zubar da iri ba. Kimiyya ta gaskata tsohon: gindi ɗaya na iya zubar da dubban ƙwayoyi masu ƙanƙanta kamar ƙura, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, ba sa farkawa sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, sai su manne mata su tsotse ta tun ba su leƙo sama ba. Auduga da waken suya kan yaudare su: su sa su tsiro, amma ba su sami abin kamawa ba, sai su mutu. Wannan na daga cikin hikimar juya shuka.

Aka kira magariba muna tsugune. Na dubi yaron nan, na ga yana kallon ubansa da wani irin ido da ban gani ba tun zuwana. Shekara huɗu yana ganinsa mai tura kura. Ranar nan ya gane ubansa masani ne.

Gadonmu ne

Kada wani ya ce maka wannan ilimi baƙo ne a Musulunci. A cikin Sahihul Bukhari, a Littafin Ilimi, akwai labarin ranar da Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa sahabbai kacici-kacici a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ya kamanta da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya gane dabino ce, amma ya ji kunya don shi ne ƙarami. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Dubi wannan majalisi: darasin tsiro, ta hanyar tambaya, ga yaro a ciki, ga uba mai son ɗansa ya yi magana.

A Sahihu Muslim kuma akwai labarin barbarar dabino a Madina. Manoma kan ɗauki furen namiji su sa a na mace. Da suka bari saboda wata magana da suka ji daga Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, amfanin shekarar ya ragu, sai ya bayyana musu cewa zato ne ya yi ba umarnin addini ba, ya mayar da sanin irin wannan lamari na duniya ga masu gwada shi. Yaranmu za su fahimci wannan hadisi sosai idan an nuna musu gwanda namiji da ba ya 'ya'ya, ko giginya mace da namiji, ko masara: bununi a sama, gemu a ƙasa, kowane silin gemu yana jiran ƙwayar garin fure ɗaya don ya haifar da ƙwayar masara ɗaya. Goyon masara mai giɓi alama ce ta silin da bai samu ba.

Abu Hanifa ad-Dinawari, wanda ya rasu wajen shekara ta 282 bayan hijira, ya wallafa Kitabun Nabat a kan tsirrai. Ibnul Baiɗar, ɗan Malaga ta Andalus, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara bayanin magunguna da abinci kimanin 1,400, mafi yawansu tsirrai. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da masu sana'a cikin ayyukan shugaba. A Samaru ta Zariya kuma tun 1922 ake binciken noma, kuma daga can ne aka fitar da irin gyaɗa masu jure cutar nan mai murɗe ganye da ta halaka gonakin Arewa a 1975. Masu irin wannan aiki na gobe suna nan cikin yaran da ke zaune a gidajen 'yan'uwa da azuzuwan da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. Sai dai in mun bar su haka.

Abin da nake roƙonku

Ya kai ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura, ya ke malamar Islamiyya a Shinkafi, ya kai mai hidimar ƙasa ko mai jiran sakamakon jarrabawa a Zurmi ko Moriki: wannan aiki ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Gwangwani, da ƙasa, da wake na naira kaɗan sun isa. Tara ƙannenka da yaran unguwa. Yi musu bayani da Hausa tukuna, kalmar Turanci ta zo daga baya don jarrabawa. Kada ka ba da amsa kafin su yi hasashe. Idan an tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka, ka ce mu bincika tare, domin wannan ma sunnar malamai ce. Sannan ka nemi wani dattijon manomi cikin waɗanda aka raba da gonakinsu, ka zaunar da shi a gaba, ka ba shi girmansa. Abin da ke kansa ba ya cikin manhaja, kuma in ya tafi da shi kabari ba mai dawo mana da shi.

Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke umartar wanda Alƙiyama ta riska da dashen dabino a hannunsa ya dasa shi in yana da iko. Na daɗe ina karanta shi a matsayin kwaɗaitarwa kan dashen itace kawai. Sai da na zauna a Ƙaura, a garin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe, na ga wata fuskarsa: mumini ba ya jiran sai hankali ya kwanta kafin ya shuka alheri.

Ranar da zan tafi, yaron nan ya raka ni bakin titi riƙe da gwangwaninsa. Waken da ya rage ya fara fure. Ya ce in ya yi 'ya'ya ba zai bari a dafa ba, zai ajiye iri ne har ranar da za su koma gida. Har yau da nake wannan rubutu ba su koma ba. Amma yayata ta gaya mini duk damina sai ya shuka a gindin katanga, ya girbe, ya ƙulle a tsumma ya sa toka, kamar yadda ubansa ya koya masa.

Ya Allah, Ka dawo mana da aminci a ƙasarmu, Ka mayar da kowane manomi gonarsa, Ka ji ƙan mamatanmu, Ka kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ka sanya 'ya'yanmu cikin masu dubi su gani, su gani su gode. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.